Babi na Bakwai: Sauro Bai San Kaki Ba

Wata Laraba ce cikin watan Agusta, marka ta kankama, muka taso daga Funtuwa muka nufi yamma. Masara ta yi goyo dama da hagu, dawa ta rufe mutum, ruwa kwance a kowane kwari. Da muka iso wani shingen sojoji direbanmu ya rage gudu kamar yadda aka saba. Wani saurayin soja ya taso daga bayan buhunan yashi, a ganina bai haura shekara ashirin da biyar ba. Mu a cikin mota zufa muke yi, shi kuwa ya ɗora rigar sanyi a kan kakinsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, leɓɓansa sun bushe. Bai tambayi kowa takarda ba. Ya dafa ƙofar direba ya ce, “Don Allah in za ka juyo ka biya kemis ka riƙo mini maganin zazzaɓi, mai ƙwaya shidan nan.” Ya miƙo kuɗi. Direba ya ce, “Haba yallaɓai, bar kuɗinka. Allah ya ƙara sauƙi.” Wata dattijuwa a kujerar baya ta leƙo ta ce, “Sannu ɗan nan, Allah ya mayar da kai ga uwarka lafiya.” Muka wuce.

Na daɗe ina tuna yaron nan. Ina kyautata zaton direban ya cika alkawari, shi kuma ya sha maganinsa ya miƙe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, zazzaɓin da aka yi wa magani daga kemis ba ya shiga littafin kowane asibiti. Ba a ɗauki jini an duba ba balle a ce maleriya ce ko taifot. Kwanakin da ya yi yana rawar ɗari riƙe da bindiga ba wanda ya ƙidaya su, haka abokan aikinsa da suka kwanta a wannan makon. In an tambayi babban hafsan da ke Abuja sojoji nawa sauro ya kayar masa a kudancin Katsina a daminar bana, sai in wani ya rubuta tun daga shingen nan ne zai iya ba da amsa. A nan binciken lafiyar soja yake farawa, tun kafin a kai ga ɗakin gwaje-gwaje da na'urori masu tsada.

Kakanninmu da aka kwasa zuwa Boma a Yaƙin Duniya na Biyu sun san wannan magana da jikinsu. Dubban 'yan Arewa sun shiga dazuzzukan can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu bataliyoyin Najeriya kuma suka yi yaƙi tare da dakarun da ake kira Chindit a 1944, sunan da barikin soja na Zariya yake ɗauke da shi har yau. Janar William Slim, wanda ya karɓi jagorancin rundunar Ingila a wannan fage a 1943, ya duba alƙaluman asibitocinsa ya ga cewa duk soja ɗaya da aka janye daga daji saboda rauni, an janye ɗari da ashirin saboda rashin lafiya, akasarinsu zazzaɓin cizon sauro. Alhali magani na nan. Wata ƙwaya ce rawaya mai suna mefakirin, mai ɗaci, tana sauya launin fata, kuma raɗe-raɗi ya bazu a cikin sojoji cewa tana kashe ƙarfin namiji, don haka suke zubar da ita a ɓoye. A can Ostareliya, a garin Cairns, likitocin soja ƙarƙashin Neil Hamilton Fairley suka yi gwaji da sojojin da suka ba da kansu, suka tabbatar cewa ƙwaya ɗaya a kullum tana hana zazzaɓin kayar da mutum. Slim ya ɗauki wannan sakamako ya mayar da shi doka. Sai a faɗo wa bataliya ba sanarwa a gwada sojoji, in aka samu ba sa shan magani a tuɓe kwamandansu. Kwamandoji uku ya tuɓe, sauran suka shiga taitayinsu, kuma kafin a kai 1945 yawan masu kwanciya ya faɗo ƙasa warwas.

Ka lura da mutum uku a wannan labari: mai bincike da ya gano gaskiya, magatakarda da ya riƙe alƙaluma, da shugaba da ya yarda ya yi aiki da abin da aka gano. Haɗa waɗannan uku su yi tafiya tare shi ne abin da ake nufi da tafiyar da bincike. Da ɗaya ya kauce, sauran biyun sun yi aikin banza.

Ko ƙwaya shidan da yaron shinge ya aika a sayo masa, daga bukatar soja ta fito. Likitan sojan Faransa ne, Alphonse Laveran, ya fara ganin ƙwayar cutar maleriya a cikin jini a Aljeriya a 1880, kuma likitan sojan Ingila a Indiya, Ronald Ross, ya gano ta a cikin sauro a 1897. Lokacin yaƙin Biyetnam, da kulorokwin ya daina aiki a kan dakarun da ke daji, gwamnatin Sin ta buɗe wani shirin sirri ranar 23 ga Mayu, 1967, don nemo sabon magani. A cikin wannan shiri ne wata mata mai suna Tu Youyou ta koma tsoffin littattafan maganin gargajiyar ƙasarsu, ta tato sinadarin atemisinin daga wani tsiro ɗan'uwan tazargaden da ake sayarwa a kasuwanninmu. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Ɗaya sinadarin da ake haɗawa da shi a cikin ƙwayar, lumefantirin, cibiyar binciken lafiya ta sojojin Sin da ke Beijin ce ta samar da shi. Yau manomi a Bakori da mai rake a Ɗanja da mai jego a Ƙafur duk shi suke sha.

Labarin sanƙarau ya fi kusa da mu. Wannan cuta tana son cunkoso da busasshiyar iska, shi ya sa take addabar mu daga hunturu zuwa bazara, kuma shi ya sa take addabar kuratan soja a duk duniya, samari daga gari daban-daban an zuba su a ɗaki guda. A shekarun 1960 ta riƙa kashe kurata a barikokin Amurka. Cibiyar binciken lafiya ta sojojinsu mai suna Walter Reed ta sa Emil Gotschlich da abokan aikinsa Irving Goldschneider da Malcolm Artenstein a kan matsalar, suka fito da allurar rigakafi a ƙarshen shekarun nan, aka fara yi wa kowane sabon kurtu daga 1971. Ba a jima ba ilimin ya iso ƙasar Hausa. A Zariya, Brian Greenwood da Hilton Whittle da likitocinmu na Jami'ar Ahmadu Bello suka shafe shekarun 1970 suna fama da annobar sanƙarau, suna nazarin yadda za a yi amfani da rigakafin a ƙauyuka, suna gwada allura guda mai daɗewa a jiki wadda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya yi wa majinyaci ba sai an kwantar da shi ana ta ƙarin ruwa ba. Abin da aka ƙirƙira don yaran bariki a wata nahiya ya zo ya ceci yaran tsangaya a nan.

To, a nan ne Malumfashi ta shigo, kuma ina so mai karatu ya tsaya tare da ni a wannan gari, domin abin da aka yi a cikinsa ya fi ƙarfin a manta da shi kamar yadda aka manta.

A wancan zamani asibitin Malumfashi reshe ne na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da na Kaduna. Ɗaliban likitanci sukan zo su zauna su ga cututtukan karkara da idonsu. A tsakiyar shekarun 1970 jami'ar ta haɗa hannu da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Gilles, aka kafa shirin binciken cututtukan da suka zauna daram a ƙasar Malumfashi. Rahotannin da suka fito daga wannan shiri, masu lamba bi da bi, sun haura ashirin, kuma har yau masu bincike a duniya suna komawa gare su da sunan garin a jikinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda suka sa ƙafar farko. Ƙidaya suka yi. Suka bi ƙauyuka da unguwanni gida-gida, Hausawa da Fulani da Maguzawa, suna rubuta wa ke nan, wa aka haifa, wa ya rasu, wa ya tafi cirani. Dalili kuwa a fili yake: in ka ce mutum hamsin sun kamu da cuta, maganarka ba ta da nauyi sai an san hamsin cikin nawa. Daga nan suka shiga cututtukan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗauki tsargiya. A ƙauyukanmu yaro ya yi fitsari da jini ba a cika ɗaukarsa ciwo ba, wasu ma alamar girma suke ɗaukarsa. A shekarun nan kuwa madatsun ruwa suna ta ƙaruwa a yankin, musamman bayan Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975. Masu binciken suka je madatsar Ruwan Sanyi suka zauna a bakin ruwa suna kallo suna rubutawa: wa ke shiga, da wane lokaci, wanka yake yi ko wanki ko su, minti nawa ya yi. Suka duba dodon koɗin da ƙwayar cutar take girma a cikinsa, suka gwada fitsarin jama'a. Suka gano cewa mafi yawan ƙwayayen da ke komawa cikin ruwa daga yara maza da samari suke fitowa, masu ninƙaya da rana tsaka. Wannan ya nuna wa hukuma inda za ta zuba ɗan maganin da take da shi. Aikin haƙuri ne, na mutum a gindin bishiya da fensir da takarda, amma amsar da ya bayar ta fi ta zato nesa ba kusa ba.

Sai maciji. Manomin Malumfashi bai bukatar a gaya masa kububuwa da kumurci da kasa, yana haɗuwa da su a kunya da rumbu. Biyu daga cikin masu binciken, Pugh da Theakston, sun bi ƙauyukan yankin suna ƙididdige saran maciji, har suna gwada jinin mutane don gano wane maciji ne ya taɓa saransu. David Warrell, wanda yake Zariya a lokacin, shi da abokan aikinsa suka bayyana wani gwaji da ya dace da talaucinmu: a ɗebi jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya zubo kamar ruwa, dafin kububuwa yana aiki, a gaggauta ba da maganin dafi. Ba lantarki, ba na'ura. Har gobe Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da shi. Haka kuma a 1978 masu bincike biyu, Williamson da Greenwood, suka wallafa cewa yaron da maleriya ta kama bai cika karɓar allurar rigakafin sanƙarau da kyau ba, jikinsa ba ya gina garkuwa yadda ya kamata. Wannan magana ce da ta shafi duk wanda zai yi wa bataliya guda rigakafi a tsakiyar damina.

A wannan ƙasa ta Malumfashi ce kuma Murray Last, Baturen da ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani ƙauyen Maguzawa daga ƙarshen shekarun 1960 yana nazarin yadda mutane suke neman magani, yadda suke zagayawa tsakanin boka da malam da wanzami da asibiti. Likitan da bai san wannan ba yana ganin rabin majinyacinsa ne kawai. Soja ma ɗan gida ne. Yana da layarsa da gurunsa da jiƙon da uwarsa ta ɗura masa a gora, kuma mai binciken da ya raina waɗannan ba zai ji gaskiya daga bakinsa ba.

Shirin bai ɗore ba. Wa'adin tallafi ya ƙare, masana suka watse. Greenwood ya koma Gambiya a 1980 ya shugabanci cibiyar bincike da aka kafa tun 1947 wadda har yanzu take aiki. Daga irin binciken da aka ci gaba da yi a can da Senegal da Mali da Burkina Faso ne aka samo dabarar ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin maleriya wata-wata a lokacin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2012, kuma Jihar Katsina na cikin wuraren da aka fara ta a Najeriya a 2013. Ina farin ciki da zuwanta. Amma ina jin zafin cewa da an riƙe abin da aka dasa a Malumfashi, da yau muna da tarihin lafiyar al'umma guda na shekara hamsin ba yankewa, dukiyar da ƙasashe kaɗan ne a Afirka suke da irinta.

Yau ga shi ƙaddara ta kawo dubban sojoji wannan ƙasa. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, an girke dakaru a garuruwa da bakin daji. A watan Yulin 2020 rundunar sojan ƙasa ta yi bikin ranarta a babban sansaninta na Faskari, a nan ta ƙaddamar da wani sabon farmaki a kan 'yan bindiga. A watan Disamba na wannan shekara aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaro na jiha, 'ya'yan ƙauyukan nan da suke shiga daji tare da soja. Duk waɗannan mutane suna kwana inda manomi yake kwana, suna shan ruwan da yake sha, suna ratsa rafin da yake ratsawa. Sojan da aka ɗauko daga Inugu ko Ibadan ya tsallaka fadama da ƙafa a Faskari, tsargiya ba za ta tambaye shi lambar aikinsa ba. Mai kwanton ɓauna a cikin ciyawa da dare yana kwance ne a gidan kububuwa.

Sai kuma abin da manomin shekarun 1970 bai sani ba, wato raunin harsashi. Nan ma darasin rajista ne. Sojojin Amurka sun buɗe rajistar raunukan yaƙi a 2004, kowane rauni a rubuta shi tun daga inda aka samu har inda aka ƙare. Da aka zauna aka bi mace-mace 4,596 na yaƙin Iraƙi da Afganistan daga 2001 zuwa 2011, sai aka ga kusan kashi 87 cikin 100 sun cika ne kafin a kai su asibiti. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan ana iya ceto su, kuma tara cikin goma na masu yiwuwar ceton zubar jini ce ta kashe su. Irin wannan lissafi ne ya sa aka rataya wa kowane soja maɗaurin tsayar da jini a jikin kakinsa aka koya masa ɗaura wa kansa da hannu ɗaya. A 2010 kuma wani babban gwaji a ƙasashe 40, da Najeriya a ciki, a kan majinyata sama da 20,000, ya nuna cewa wata allura mai araha, tiranekzamik, tana rage mutuwa daga zubar jini, daga baya aka tantance cewa sai an yi ta cikin awa uku na farko.

Awa uku. Yanzu ka auna tafiya daga bakin dajin Sabuwa a kan babur ko bayan a-kori-kura, cikin laka, zuwa Funtuwa, daga nan zuwa asibitin Shika ko Asibitin Soja na 44 da ke Kaduna. A wace gaɓa ce muke rasa mutanenmu? A wurin da aka harbe su, ko a hanya, ko a ƙofar asibiti ana neman jini? Amsar wannan tambaya ce za ta faɗa wa hukuma ko maɗauri za ta saya, ko ma'ajiyar jini za ta kafa a Funtuwa, ko likitan fiɗa za ta ajiye a Malumfashi. Ba mai ba mu wannan amsa daga Bagadaza, domin su da jirage masu saukar ungulu suke kwasar majinyatansu. Akwai ma wani abu da ya kamata kowane soja da ɗan sa-kai ya riƙe: ɗaurin da yake ceton ƙafar da harsashi ya fasa, shi ne yake ruɓar da ƙafar da maciji ya sara. Ɗaure saran kububuwa tamau, kamar yadda aka saba a ƙauye, ƙara ɓarna yake yi. Bincike ne ya raba mana waɗannan biyu.

Haka batun sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rabin jinin, wato AS, lafiyarsa lau. Wani nazari da aka wallafa a 1987 ya nuna cewa kuratan Amurka masu AS sun fi sauran faɗuwa matattu a lokacin horo mai tsanani. Aka gyara dokokin horo, aka tilasta shan ruwa da hutu da lura da zafin rana. A 2016 aka sake bin sojoji baƙar fata kusan 48,000, aka ga bambancin mutuwar ya gushe. Mu da muke horar da dubban kurata a Daffon Zariya, a ƙasar da zafin watan Afrilu yake narkar da kwalta, mun fi kowa bukatar mu san namu alƙaluman.

Kada a ce ba a yin komai. Tun 2005 Ma'aikatar Tsaro ta Najeriya take aiki da cibiyar Walter Reed, aka fara da yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki a asibitocin soja, inda da yawan masu karɓar magani farar hula ne maƙwabtan bariki. An gina babban ɗakin gwaje-gwaje na rundunonin tsaro a Barikin Mogadishu da ke Abuja, an horar da ma'aikata, kuma daga 2013 Najeriya ta shiga wani dogon nazari tare da Kenya da Tanzaniya da Yuganda. Wannan aiki ne na ƙwarai, ya nuna cewa likitocin sojanmu sun iya bincike mai inganci. Sai dai wanda ya biya kuɗin kiɗa shi yake zaɓen taken da za a kaɗa. Mai ba da tallafi daga waje yana da cututtukan da suka dame shi, kuma haƙƙinsa ne. Kububuwar Ƙanƙara da laka tsakanin Ɗandume da Sabuwa mu suka dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muddin ba mu ware kuɗinmu ba, a cikin kasafin tsaron da yake cin tiriliyoyin naira duk shekara, tambayoyinmu za su ci gaba da zama a ƙarshen layi.

Akwai wani gefe mai nauyi da ba zan tsallake ba. An horar da soja ya ce “to, yallaɓai” ga duk abin da na gaba ya faɗa. Wannan ɗabi'a ita take riƙe runduna, amma a fagen bincike haɗari ce. In likita mai anini a kafaɗa ya ce wa farabiti ya miƙo hannu a gwada sabuwar allura, ina bakin da zai ce a'a? Tun a 1900, lokacin da Manjo Walter Reed yake binciken shawara a Kyuba, ya sa masu ba da kansu suka sa hannu a takardar yarda da aka rubuta da Ingilishi da Sifaniyanci, an bayyana musu cewa za su iya mutuwa. Mu kuwa muna da tabonmu. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani nazari da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Kowa ya ga yadda wannan rauni ya taimaka wajen gujewa rigakafin shan-inna a 2003. Amana in ta zube, shekaru ake yi ana tsince ta.

Yanzu muna da ƙa'idojin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya tun 2007, da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da ta ba su ƙarfi. A bariki ana bukatar ƙari a kan abin da ke takarda. Wanda zai nemi yardar soja kada ya zama shugabansa. A yi masa bayani da harshen da yake mafarki da shi, in Hausa ce Hausa, in Tibi ne Tibi. Ya tabbata cewa in ya ƙi, ba abin da zai taɓa ƙarin girmansa ko hutunsa. Abin da aka gani a jininsa kuma ya tsaya tsakaninsa da likita. In babu wannan sirri, ba sojan da zai buɗe baki ya faɗi ciwon da ya fi kowane ɓuya, wato na zuciya: rashin barci, firgita cikin dare, saurin hannu a kan iyali, da ƙwayoyin da wasu suke haɗiya don su iya tsayuwa. Na taɓa zama da wani tsohon saje a wata majalisa a Funtuwa, mutum mai fara'a da yawan barkwanci. Tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi, kafin mu ankara yana ƙarƙashin benci, jikinsa na ɓari. Da ya fito ya kakkaɓe rigarsa bai ce komai ba, mu ma ba wanda ya ce uffan, sai mai shayi ya miƙa masa ruwa. Irin wannan ciwo yana nan a gidajen sojoji, yana nan kuma a gidajen manoman da aka kora daga gonakinsu da matan da aka karɓo daga daji. Duk nazarin da za a yi wa ɗaya zai amfani ɗayan.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a raba binciken lafiyar soja da na jama'ar da yake zaune a cikinsu. Asibitocin Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara su ne suke fara karɓar wanda aka harba, ko da kaki ko da 'yar shara. Ma'aikatan jinyarsu sun tara sani mai yawa a ka, wanda yake tafiya da su duk ranar da aka yi musu canjin wurin aiki. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan kusa, Asibitin Koyarwa na Tarayya yana Katsina, a Kano kuma akwai Farfesa Abdulrazaq Habib da tawagarsa da suka yi suna a duniya kan saran maciji. Masana ba su ne suka yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne hukumar da za ta zaunar da su da likitocin soja a tebur ɗaya, ta ce ga tambayoyi biyar da muke son amsarsu cikin shekara uku, ga kuɗi, ga wanda zai ba da bahasi, kuma ga hafsan da zai mayar da amsar ta zama umarni kamar yadda Slim ya yi.

Kirana ga Ma'aikatar Tsaro da Gwamnatin Jihar Katsina shi ne a fara da abin da Malumfashi ta fara da shi. A buɗe rajista guda mai tsari iri ɗaya a kowane sansanin soja da kowane babban asibiti daga Funtuwa zuwa Ƙanƙara. Kowane zazzaɓi a gwada shi a rubuta, kowane saran maciji, kowane raunin harsashi da awar da aka same shi da awar da aka iso asibiti da yadda aka ƙare. A ɗauki magatakarda a biya su albashi a kan kari, a ajiye bayanan a kwamfuta inda gara ba ta ci, kuma duk ƙarshen damina a karanta wa kwamandoji da shugabannin asibitoci abin da littafin ya nuna. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a bakin daga, in ya kira waya ka tambaye shi ko yana da gidan sauro da maɗaurin tsayar da jini, kuma ko an koya masa ɗaura shi.